Wayar da Kuka Bari a Kwarin Tarka

Zuwa ga Kumandan, shugaban sojojin da suka yi koyon harbi a kwarin Tarka da sanyin bana.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, ina gaishe ku da aiki, da fatan kuna lafiya, ku da iyalinku da mutanen da ke ƙarƙashinku. Ban san sunanku ba, ban kuma san barikin da kuka koma ba. Shi ya sa na bar takardar nan a buɗe, duk wanda ya karanta kuma ya san hanyarku, don Allah ya isar da ita.

Ni ce matar mutumin da ya rasu a bakin kwarin bayan tashinku. Bakina ba zai kama sunansa ba, amma in kun tambayi Gyartai na Tarka a kasuwar Belbeji ko ta Gangara, kowa ya san shi. Ɗinkin ƙorai ne sana'arsa. Matan rugage sukan ajiye fasassun ƙoransu wata da watanni suna jiran ya zo.

Na farko. Kafin ku fara harbi, mai shela ya zaga ƙauyuka da rugage, ya ce kowa ya janye dabbobinsa daga kwari. Muka janye. Muna cikin gida muna jin ƙasa tana motsi, awaki suna tumɓuke turke. Mazan da suka hau tudu sun ce wani harsashi ne mai fukafukai, yana tashi ƙasa-ƙasa daga kan mota, wani lokaci daga gaban soja a durƙushe, ya je ya fasa tsofaffin motocin ƙarfe da kuka jera can nesa. Da kuka gama kuka tafi, mai shela ya sake zagawa ya ce an buɗe kwari. Bai ambaci wayar ƙarfen da kuka bari a ƙasa ba. Na aika an tambaye shi, ya rantse ba a gaya masa ba, na kuwa yarda da shi.

Na biyu. Abin da kuka bari shi ne waya, siririya kamar zaren saƙa, kwance bisa busasshiyar ciyawa da ƙaya, tsawonta ya wuce inda ido ke kaiwa. A wurinku ƙila shara ce. A wurin mai ɗinkin ƙorai kuwa arziki ne, don zaren kaba da yake aiki da shi ruɓewa yake in ya daɗe yana shan nono. Mu nan ba a yanke igiya mai kyau a tsakiya. Wanda ya tsinci bakinta, nannaɗe ta yake yi a kara, yana binta har ya kai ɗaya bakin. Haka muka taso muka ga ana yi da igiyar guga, haka ake yi da akalar raƙumi. Haka shi ma ya yi.

Wayoyin da ya fara bi duk a ƙonanniyar ƙasa suka ƙare, ba abin da ya same shi. Ya dawo gida yana murna kamar yaro. Abin da ya fara ɗinkewa da ita ƙwaryata ce, wadda uwata ta ba ni, da ta tsage tun bara ina ta yi masa mita, shi kuwa yana dariya wai gidan gyartai ne ƙarshen samun gyara. Ya zauna a ƙofar ɗaki ya yi mata ɗinki ƙanana, a jere, har yau ko ɗigo ba ta yi.

Ran da abin ya faru da hantsi ya fita, ya ce in ajiye masa fura zai dawo kafin azahar. Ina daka na ji ƙarar. Wallahi na ɗauka ku ne kuka dawo. Mazan da suka je ba su bar ni na gan shi ba. Karan da yake naɗin kawai suka kawo mini, da wayar a jikinsa.

Na uku. Bayan an yi sadakar bakwai, wani sarjanku ya zo ya duba wurin. Shi ya bayyana wa wan maigidana cewa wayar nan akalar harsashin ce, da ita soja ke juya shi yana cikin tafiya, kuma wani yakan faɗi bai fashe ba, ya kwanta da ransa, jijjiga kaɗan ta tashe shi. Sannan ya ƙara da cewa mai hankali ba ya jan abin da bai sani ba. Wannan magana ta iso kunnena, ranku ya daɗe, kuma ta fi mini zafi. Maigidana ba wawa ba ne. Daga ina zai sani? Ku da kuka sani ba ku faɗa ba. Na san kwanansa ne ya ƙare, ban ja da hukuncin Allah ba. Amma kalma ɗaya a bakin mai shela ba ta fi ƙarfinku ba.

Sarjan ya ce an share kwari, babu saura. Ya hau mota ya tafi.

Na huɗu, kuma saboda shi na rubuto. Akwai saura. Mata masu itace sun ga wata wayar a arewa da rijiyar makiyaya, ta bi ta kan ƙaya ta shiga gindin wata magarya. Ɗayarsu ta leƙa daga nesa, ta ga fiffike ya fito daga yashi. Wan maigidana ya kai magana gun hakimi, an ce an aika, har yau ba mu ga kowa ba. Ya yi wa wurin shingen ƙaya, raƙuma suka ture rabi, iska ta kwashe saura. Na so in yanke wayar in huta, sai na tuna maganar jijjiga, hannuna ya ƙi.

Mutanen garinmu sun sani, sun kiyaye. Amma Fulani da Buzaye da suka yi rani a kudu ba su ji ba, kuma da ruwan fari za su hauro da dabbobinsu, a wannan rijiya suke sauka. Tun kafin su gangara kudu matansu suka ga ɗinkin wayar nan a kasuwa, suna sonta. In ciyawa ta fito za ta rufe harsashin, wayar kuwa tana bisa ƙaya tana ƙyalli. Duk wanda ya tsinci bakinta zai naɗe ya bi. Ba ni da shakka a kan wannan, don na auri wanda ya yi.

Ina cikin takaba, bai kamata a gan ni a waje ba. Amma kullum da safe nakan je in zauna a inuwar aduwa kusa da rijiyar, in tare duk baƙon da ya doso. Liman ya aiko a gaya mini in koma ɗaki. Surukata tana kuka, ta ce ta rasa ɗa, yanzu kuma ina so in jawo mana bakin mutane. Ban ƙi maganarsu ba. Amma maza suna gyaran gona, ba mai zama, ni kuwa in na zauna a ɗaki kunnena yana can yana jiran ƙara.

Ga roƙona. Ku aiko waɗanda suka san aikin su ɗauke abin nan kafin ruwa ya sauka, don hadari ya fara haɗuwa a gabas. Su bi kwarin da ƙafa, ba a cikin mota ba, su bi kowace waya har ƙarshenta. Ku sa a yi shela a kasuwannin Belbeji da Gangara da Tanut, da Hausa da Fulatanci da Buzanci, a kira wayar da sunanta. In kuma za ku sake irin wannan harbi a wani wuri, ku naɗe wayarku da kanku kafin ku tashi. Maganar diyya na bar wa manya, ba ita ta hana ni barci ba.

Allah ya ƙara muku lafiya da adalci, ya tsare sojojinku, ya mayar da kowannensu ga matarsa da ƙafafunsa. Masu zuwa ba za su sha wuyar gane wurin ba. Su nufi rijiyar makiyaya, za su ga mace zaune a gindin aduwa. In sun ɗauke harsashin, zan tashi in koma ɗakina in ƙarasa takabar mijina.

Wassalam.

Zainabu, matar marigayi Gyartai, Tarka.