Tunkiya Mai Tsagaggen Kunne

Rijeka, 9 ga Yuni

Zuwa ga Yayana Sakib,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara sauƙin gwiwar nan, ya sa kaffara ce. Mu nan alhamdu lillahi. Maigidana Ramiz ya koma aikinsa a tashar jiragen ruwa, 'yarka Belkisa ta gama jarrabawa.

Yaya, na ɗauki biro ne saboda ranar da na fara ba ka labari a waya dariya ka yi, ka ce in dai Mevlida ce, ko ƙwayar shinkafa ta tsinta a titi sai ta yi cigiya. Takarda dai ba ta katse mutum. Na san da kyakkyawar niyya ka shirya wa Belkisa tafiyar nan ta kwana biyar a tsibirin da babu kowa, wai a koyi rayuwa ba kasuwa ba famfo. Na bi ta ne don ba zan bar 'yata tsakiyar teku da baƙi ba. Mai koyarwar wani ne Dorijan, mai gemu da wuƙaƙe uku a ƙugu. Ya nuna mana tara raɓa da leda da ƙyasta wuta da dutse. Da ya ɗago wani ganye yana taƙama wai ana cin sa, ban gaya masa shekara uku muka yi a kansa ni da kai lokacin yaƙi ba.

Rana ta uku yunwa ta fara taɓa mutane, sai Dorijan ya ce yau farauta, akwai tumakin daji da ba su da mai su. Suka ritsa wata tunkiya a gindin dutse. Ina matsowa na ga kunnenta na dama da tsaga biyu, na hagu an datse bakinsa. Na ce masa kunne ba ya tsaga kansa haka, kowa a gaɓar nan ya san ana sakin tumaki a tsibiran, kowane gida da shaidarsa. Na nuna masa hantsarta cike take, tana shayarwa. Buɗar bakinsa sai ya ce mini, Inna, koma inuwa ki ja carbinki, a jeji doka ɗaya ce, mai yunwa ya ci. Yunwar kwana biyu, Yaya! Mu da muka yi hunturu uku cikin yunwar yaƙi muna kallon kazar maƙwabciya tana shiga tsakar gidanmu, mahaifiyarmu ta taɓa bari a taɓa ko ƙwanta? Suka yanka suka gasa. Abin da ya fi ƙona mini rai, Belkisa ta ci, tana kawar da kai kada mu haɗa ido.

Da jirgi ya sauke mu a garin Cres ban nemi motar gida ba. Na zana kunnuwan a takarda na shiga kasuwar kifi. Mace ta biyu da na nuna wa ta ce ai shaidar Baba Frane ce. Tsoho ne da ya haura tamanin, matarsa ta rasu bara. Muka je wurinsa, na zayyana masa komai, Belkisa tana tsaye. Bai ɗaga murya ba, tambaya ɗaya ya yi, ko mun ga ɗanta. Nan Belkisa ta fashe da kuka. Muka shiga ɗan kwale-kwalensa muka koma, muka tarar da ɗan ragon kwance a inuwar dutse, ko kuka ba ya iya yi.

Na roƙi tsohon ya yafe mana. Ya ce 'yata, hannuna rawa yake, ba zan iya riƙe kwalbar madara ba, ku tafi da shi, in kun dawo mini da shi a tsaye a watan Agusta sai in ba ki amsa. To ka ji, haƙƙin bawan Allah yana wuyan 'yarmu har yanzu, kai kuma kana cewa tunkiya ɗaya ce kawai. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Ɗan ragon yana bayan gida. Belkisa ce ke ba shi madara sau biyar a yini, ya cinye mini rabin latas, Ramiz yana ta mita. Tunda a Agusta za ka zo, kuma kai ka buɗe wannan ƙofa, a kujerar bayan sabuwar motarka za mu kai shi. Kada ka ce mini fatar kujerar fara ce. Za ka tsaya kusa da Belkisa mu ji amsar tsohon tare.

Ka gaishe mini da matarka Shefika, da Harun, da Enisa da jaririyarta. Ramiz yana gaisuwa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Mevlida