Baffa Babayo Ya Ce Sun Ƙoshi

Litinin, 1 ga Yuli, 2024
Na fara aiki da ƙungiyar nan ta ƙasashen waje mai raba hatsi ga talakawan karkara. Nawa shi ne in bi rugagen bayan Inkil gida-gida, in yi tambayoyi, in shigar a waya. Oga Irmiya ya ce, "Mas'uda, abin da suka faɗa za ki rubuta, ba abin da kika gani ba." Wai na'ura ce za ta zaɓi mabuƙata. To.

Laraba, 3 ga Yuli
Gidan Baffa Babayo, dattijon Bafulatani da ɓarayi suka kwashe wa shanu. Jikoki bakwai a hannunsa. Na ce, "Baffa, sau nawa kuka ci abinci jiya?" Ya sunkuyar da kai: "Alhamdulillahi, 'yata, mun ci mun ƙoshi." Matarsa Inna Habibatu har da kawo mini fura, ko nono babu. Na sha, na rubuta sun ci sau uku. Yadda yaran suka bi ƙwaryar da kallo dai bai yi mini ba.

Alhamis, 11 ga Yuli
Sunaye sun fito. Wani mai babur biyu yana ciki, Baffa babu. Maƙwabciyarsu ta ce furar da na sha ita ce abincin gidan na ranar. Innalillahi! Ni na shanye, ni kuma na cire su.

Juma'a, 12 ga Yuli
Oga ya ce, mutum ya ce ya ƙoshi, ya za mu yi? Da gaskiyarsa. Amma dattijo irin Baffa ai ba ya ambaton yunwa a gaban baƙuwa. To laifin wa? Kaina ya ɗaure.

Juma'a, 19 ga Yuli
An saka sunansa. Naci na yi kamar mai bara.

Talata, 23 ga Yuli
Rabo a filin makaranta. Da lasifika ake kira, wai "gidaje mafiya talauci". Haba jama'a! Sau uku aka kira Babayo, shiru. Ya aiko cewa shi ba ya cikinsu. Dokar ita ce sai mai gida ya dangwala yatsa a takarda, in ba haka ba ran Asabar a mayar da buhunsa sito. Haushinsa nake ji, wallahi. Ko kunyarsa ce? Ni ban ma sani ba.

Asabar, 27 ga Yuli
Na yi shatar keke mai ƙafa uku, na ɗauko rabon Baffa, buhun masara da na wake. Na ce, "Baffa, tsaraba ce na kawo daga unguwarmu Gwallameji." Ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Inna ta ja buhunan ɗaki da sauri.

Takardar tana teburin oga, a cike. Bai tambaye ni komai ba. Sau huɗu na wanke babban yatsana, tawadar ta ƙi fita.