Kada ka zauna a kan akwatin batir

Wendell,

Don Allah kashe tabar nan kafin ka matso.

Bayan ka tafi kamun kifi, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya cika tirelar kwananmu. Na buɗe akwatin batir, sai ga tsohon batirin da ka haɗa da sabo ya kumbura, yana huci, ba ya taɓuwa don zafi. Sai da na ce a sayi sababbi biyu iri ɗaya! Na cire wayar da ke ba mu wuta.

Wayarka ba ta shiga. Na tafi ɗauko mai gyara.

Na san halinka, a kan akwatin nan kake zama ka kunna taba. Yau kada ka kuskura, iskar da batirin ke fitarwa tana haɗuwa da wuta zai fashe. Ban shirya takaba ba.

Darlene