Kun Ce a Nono Ta Sha, To Ni Ce Mai Nonon

Zuwa ga Shugaban gidan talabijin ɗin da ke nuna wasan mayya duk ranar Lahadi da la'asar.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka.

Ranka ya daɗe, ni ce mahaifiyar matar da ta fito a matsayin mayya a wasan nan naku. Ba zan kama sunanta ba, 'yar fari ce, kuma kun san shi, tun da kun yayata shi. A Daura nake zaune. Aikina wankan jarirai da kula da masu jego, shekara arba'in ke nan. Da hannuna nake rubuta wannan takarda, don na yi ajin yaƙi da jahilci bayan na haura hamsin, kuma ba na son wani ya sassauta mini kalma ko ɗaya.

Na farko, ina so ka san wadda kuka ɓata. Yarinyar nan ta fara wasa tun tana makarantar 'yan mata. Ban so ba, mahaifinta ne, Allah ya jiƙansa, ya ce a bar ta tun da faɗakarwa ce. Ta bi motar ma'aikatan lafiya ƙauye-ƙauye, Zango, Mashi, har Kongolam, suna wasa a filin kasuwa kan riga-kafi da ruwan gishiri da sukari. Ba fitila, ba lasifika mai kyau, muryarta ce kawai. Da zamanin kaset ya zo ta shiga fim, ta fito budurwa, ta fito matar aure, ta fito uwa. Daga nan ta zo talabijin. Fiye da shekara talatin, ba wanda ya taɓa sallama a ƙofar gidana da wata maganar banza a kanta.

Na biyu, abin da kuka yi. Ban ce kada a yi wasan mayya ba. Ta sha fitowa muguwa, mutane su zage ta a kallo, da safe su gaishe ta a hanya. Amma a wannan kun bar mata sunanta na yanka, kun ce 'yar Daura ce, kun ambaci unguwarmu. Sannan kuka sa mata a baki cewa maitar nan ba saye ta yi ba, a nonon uwarta ta sha. Ta gaya mini ta ƙi faɗin wannan magana, ta ce wa mai ba da umarni uwarta na da rai kuma tana cikin mutane. Ya ce ta faɗa don gwaji kawai, za a yanke. Ba a yanke ba. Ita ce ma kuka ɗauka kuka yi tallar wasan da ita, safe da yamma, har ta koma yawo a wayoyi, guntuwa, ba farko ba ƙarshe. Wanda ya rubuta wannan Bahaushe ne, mai ba da umarnin ma Bahaushe ne. Sun san inda ake cewa maita take bi. Ba su da uzurin rashin sani, abin da ya fi ba ni ƙyama ke nan.

Na uku, abin da ya same ni. A watan Rajab da ya wuce, 'yar Hansai, maƙwabciyata, ta kamu da zazzaɓi har tana sanƙarewa. Ni na yi wa yarinyar nan wankan farko, ni na gasa mata cibiya. Da hantsi sai ga kakarta da mata biyu, har da uwarta Hansai, sun shigo gidana da ita a zane. Suka durƙusa, suka gaishe ni da ladabi kamar yadda suka saba. Kakar, wadda muka yi talla tare muna yara, ta kasa kallon idona. Ta shimfiɗa yarinyar a tsakar gida ta ce: "Inna, ba mu ce ke ce ba. Amma don Allah ki tsallake ta."

Ranka ya daɗe, ka san ma'anar wannan. Wanda ake zargin ya kama kurwa shi ake sa wa ya tsallake marar lafiya don ya saki. In na tsallake, na amsa. In na ƙi kuma yarinya ta mutu, ni na cinye ta. Na tsaya a kanta. Ban tsallake ba. Na sunkuya na ɗauke ta, na ce wa Hansai ta yafa mayafi, muka tari keke muka tafi asibiti. Zazzaɓin cizon sauro ne. Aka yi mata allura, aka sa mata ruwa, kwana uku aka sallame mu.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe abin da ake faɗa a unguwa shi ne, kunya ce ta kama ni na saki kurwar a hanya.

Daga ranar zuwa yau an yi haihuwa huɗu a layinmu. Ba a aiko a kira ni ba ko sau ɗaya, ko goron suna ba a kawo mini ba. In na shiga gidan barka sai in ga an juya jariri an fuskantar da shi bango. 'Yata ta zo daga Kano ta yi kuka ta ce za ta bar sana'ar. Na ce ba ta isa ba, ba ita ce za ta biya laifin wani ba. Ta je ofishinku sau biyu. Wani ma'aikacinku ya yi dariya ya ce mata ai wannan alama ce wasan ya karɓu. Karɓuwar ke nan, tsohuwa mai shekara saba'in da ɗoriya a ce ta tsallake jinjira?

Ga abin da nake roƙo.

Ɗaya, a cire wannan magana daga wasan da tallarsa, yau ba gobe ba.

Biyu, a lokacin da kuke nuna wasan, ba wani lokacin da kowa ke gona ko kasuwa ba, mai ba da umarnin ya fito da fuskarsa ya ce shi ya ƙirƙiri maganar, kuma 'yata ta ƙi ta, yaudararta aka yi. Ya faɗa da Hausa, ya maimaita mako uku. Magana zarar bunu ce, na sani, amma wanda ya zara shi ya kamata a gani yana gyaran jinka.

Uku, ku daina bar wa 'yan wasa sunayensu da na unguwanninsu a irin wannan fitowa. Kowacce tana da uwa.

Ba na neman kuɗi, ba na neman a kori kowa daga aiki. Hansai na da ciki, haihuwarta bayan babbar Salla ce. 'Ya'yanta huɗu duk a hannuna suka yi kukan wanka. Ina so in an yi wannan haihuwar a aiko a kira ni, in shiga ɗakin ba wanda ya ja zane ya rufe fuskar jariri. Lokacin da kuke da shi ke nan.

Allah ya yi maka jagora a aikinka, ya raya maka zuriya, ya tsare mahaifiyarka daga bakin duniya.

Wassalam.

Mahaifiyar 'yar wasanku,
Daura.