Dukka Kashi Huɗu

Midhat,

Kada ka ba ɗan gwangwan turmin tagullar Mama. Ko ya zo, ka ce mun fasa sayarwa.

Da safe, bayan ka fita, na ce bari in yi mana dukka, garin riɗin nan da muke ci da gurasa, a cikinsa sau ɗaya kafin ya bar gidan. Na soya riɗi da gyaɗa, na zuba da gishiri, ban ko fara daka ba maƙwabciyarmu Ummu Shauƙi ta hawan ƙasa ta ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe, ta dubi hannuwana ta ce, "Nagwa, wa ke daka a gidanku?"

Na ce, "Babu kowa, 'yata Rasha na makaranta."

Ta ce, "To saurara."

Wallahi mun ji tare. Bugu uku a ciki, ɗaya a bakin turmi, yadda Mama ke yi, Allah ya jiƙanta. Ummu Shauƙi ta sauka ba ko sallama.

Da na koma, na tarar an dake, har da busasshiyar na'a-na'a, wadda ba mu da ita tun arba'in ɗin Mama. An kasa a faranti yadda take yi, kowa da nasa. Kashi huɗu, na huɗun ɗan mitsitsi.

Mu uku ne a gidan nan, Midhat.

Ban taɓa komai ba. Gurasa na cikin kwando, ka ci da cuku. Na tafi asibiti a duba ni. Wata biyu ke nan ina ɓoye maka zaton juna biyu da nake yi, don kada mu sake sa rai a banza.

Nagwa