Goron Yaya Dakta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a taimaka a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, raina a ɓace yake.

Ni 'yar Gafasa ce, ina aure a Gaya. Akwai wani likitan yara a nan mai asibitin kansa, ɗan wan babanmu ne, maraya, a gidanmu ya tashi, sai da Baba ya sayar da shanun huɗarsa biyu ya kai shi jami'a. Yaya Dakta muke ce masa, in ya yi magana a gidanmu ta zauna.

Tun da yarona ya fara haƙori yake rubuta mana wani maganin ƙarin jini mai tsada, wai kada mu karɓi wani iri, kuma a kemis ɗaya kawai, kwalba biyu duk wata. Ni kuwa sarkin surutu, babu gidan sunan da ban yi tallarsa ba, har maƙwabciyata ta sayar da akuyarta ta saya wa 'yan biyunta saboda maganata.

Shekaranjiya a kemis ɗin na ce a dawo min da takardar maganin da Yaya ya rubuta, mai shagon ya ce ai ba a mayarwa, tara su ake yi, ƙarshen wata mutumin kamfanin maganin ya zo ya ƙirga ya kai wa Dakta kasonsa. Bai san ƙanwar Dakta ce ni ba. Na nuna wa wata nas kwalbar, ta ce da wannan maganin da mai araha abu ɗaya ne, yarona ma ba lallai yana buƙata ba.

Na sami Yaya Dakta a ofis na faɗa masa, ko a jikinsa, dariya ma ya yi, wai ɗan goro ne kamfani ke bayarwa, kowa na karɓa, ai maganin ba ya cutarwa. Na ce Yaya, har a kan jikan Baba? Ya ce in daina yarinta.

Wallahi na yi kuka. Baba ya tsufa ga hawan jini, kullum da shi yake alfahari, in maganar ta fita sai ta kai kunnensa. In na yi shiru kuma, matan da na kai suna nan suna saye. Ɗazu maƙwabciyar nan ta leƙo, ta ce kwalbar 'yan biyu ta ƙare, saura tunkiya ɗaya gare ta, ta kai kasuwa? Na ce ta dakata zuwa gobe.

Jama'a, gobe me zan ce mata?