Tsirkiyoyi Biyu na Gefe

Daga Baldassare, makaɗin fadar Mantova, zuwa ga ƙanin matarsa Tadeo, masassaƙin goge a Brescia.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina sanar da kai, cikin natsuwar da ta dace da mai furfura irina, cewa sabon shugaban makaɗan fada ya yanke hukunci: lira, gogen nan na iyaye da kakanni, tsohon yayi ce. Ko dai in zo da goge mai tsirkiya huɗu irin na yaran zamani kafin bikin Ista, ko in koma gida in yi wa kaji kiɗa. Ga lirata nan na ba mai alfadari ya kawo maka. Ka rage mata kafaɗu, ka cire uku daga tsirkiyoyinta bakwai, har da biyun nan na gefe da babban yatsa ke taɓawa. Malaman Girka sun tabbatar cewa mai hikima ba ya kuka a kan katako.

Tun da annoba ta ɗauke yayarka Orsolina ina cin abinci, ina barci, ina aski. Ban san ko akwai wani abin da ake yi ba.

Ka huta lafiya.

*

Mijin Yaya,

Gaisuwa, da sannu da fama da malaman Girka. Cukun da ka haɗo ya iso, ban da rabin da mai alfadari ya ɗanɗana.

Hanya ta sassauta tsirkiyoyin gefe, amma turakun da ke riƙe su sun ci gurbi a wuri ɗaya. Da na mayar da su gurbin na taɓa, sai na ajiye zarto. Wa za ka ruɗa? Kowa a sautin coci yake ɗaure su. Naka sun yi ƙasa kaɗan, daidai inda Yaya ke kama waƙa in tana kwaɓa burodi. Shekara talatin ana cewa kunnenka ya mutu, ashe ita kake bi.

Katako ba gemu ba ne, in na yanke ba ya tsirowa. Bar musu fadar ka dawo Brescia. Akwai ɗaki, akwai miya.

Ƙaninka, Tadeo.

*

Zuwa ga Tadeo,

Bayan gaisuwa, na karanta takardarka sau uku, na gyara kurakurai biyar. Sannan na zauna ina jiran zafin maganarka ya iso ni, kamar mai gadin tukunyar da ba a hura wa wuta ba. Har aka buga ƙararrawar yamma bai zo ba.

Game da miya: mutum ba zai ci tuwon ƙanin matarsa kuma ya ci gaba da gyara masa rubutu ba, ni kuwa ba zan iya barin gyaran ba. Yanke.

Allah ya tsare hannunka.

*

Mijin Yaya,

Na yanke. Sautin sabon gogen ya yi kyau, ban ji daɗin hakan ba. Turakun biyu suna cikin ƙyallen da ke ƙasan akwati. Na kasa jefa su a murhu.

Tadeo.

*

Tadeo,

Gaisuwa. Goge ya iso. Shugaba ya yaba, ya ce yanzu na yi daidai da kowa, kuma kujerata tana nan.

Lafiya lau nake. Babban yatsana ne kawai yake ta miƙewa gefe in ina kiɗa, yana taɓa iska. Na yi masa bayani. Bai karanta malaman Girka ba.

Sai wata rana.